Kano Pillars da Tarihin Sauya Koci

A watan Mayun 2008 Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar lig ta Nijeriya a karon farko, shekara 18 da kafa ta, kuma shekara 30 cif bayan Raccah Rovers ta kawo wa Kano irin wannan kofi a 1978. Wanda ya ja ragamarta a wannan kaka shi ne Kadiri Ikhana, tsohon ɗan wasan Green Eagles da suka ci kofin Afirka a Legas a 1980, wanda kuma ya kai Enyimba ta Aba ga kofin zakarun Afirka a 2003. Tun daga lokacin wani labari ya samu gindin zama a bakin masoya ƙwallo na Arewa: ƙungiya tana ta fama, aka kawo gwanin koci, sai ga kofi. Duk wanda ya taɓa zama a bencin gidan kallo a Tudun Wadar Zariya, inda ake rubuta wasannin ranar da alli a jikin allo, janareta na ruri a bayan zaure, ya san yadda hukuncin ke fita da zarar an zura wa ƙungiya ƙwallo ta biyu: a kori kocin nan kawai. To amma tarihin Pillars ɗin da ake kafa hujja da shi, idan aka bi shi daki-daki, wani abu dabam yake nunawa. Sauya koci yana tayar da ƙungiya ne kawai idan an riga an tara mata abin da za ta tashi da shi, kuma abin da aka tara wa Pillars ya fi kowane koci da ya ratsa ta daɗewa.

An kafa Pillars a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku na birnin, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, kuma gwamnatin jihar Kano ce ke ɗauke da nauyinta. Wannan haɗewa ta yi wani aiki da ba a cika ambato ba: ta tattara zukatan babban birni a kan riga ɗaya, ruwan ɗorawa da kore. Tun kafin Ikhana ya iso, filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya riga ya zama wurin da baƙi ke shiga da fargaba. Daga 2003 har zuwa Agustan 2015, lokacin da Nasarawa United ta ci ta 2 da 1, babu ƙungiyar da ta doke Pillars a gidanta a gasar lig, wasanni sama da 200 ke nan. A lura da shekarar da abin ya fara. Shekara biyar ce kafin kofin farko. Ranar wasa tun da azahar hanyoyin Ƙofar Mata ke cushewa, masu ganga da masu sayar da ruwa da 'yan makarantar da suka sulale duk sun hallara, kirarin Sai Masu Gida na tashi daga kowane ɓangare. Ikhana bai kawo wannan ba, tarar da shi ya yi. Abin da ya kawo shi ne sanin yadda ake lallaɓa doguwar kaka, da yadda ake tsinto maki a waje, da kwarjinin mutumin da 'yan wasa suka san ya taɓa ɗaga kofin da ya fi wanda suke nema.

Hujja mafi ƙarfi ita ce abin da ya biyo baya. Ikhana ya ajiye aiki da zarar an kammala kakar, yana kokawa da almundahana a harkar ƙwallon ƙasar. Da a ce nasarar a aljihunsa take, da ta bi shi. Sai ga shi a 2009, ƙarƙashin Ivo Sajh, mutumin Sulobeniya, Pillars ta yi abin da har yau ba ta sake yin irinsa ba. Ta haɗu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka, aka yi kunnen doki 1 da 1 a Kano, aka je Alƙahira aka tashi 2 da 2, Pillars ta wuce saboda ƙwallayen da ta ci a waje. Ta kai har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. A kakar da ta biyo, wani yaro ɗan Jos mai suna Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18, ya fi kowa a lig, daga nan ya wuce Turai. A 2012 Mohammed Baba Ganaru ya karɓi ƙungiyar daga hannun Ladan Bosso ya ci lig, ya sake ci a 2013, sannan ya tafi. Aka ɗauko Okey Emordi, shi ma ya ci a 2014. Kofin lig huɗu cikin shekara bakwai a hannun koci uku, ga tafiyar Alƙahira a hannun na huɗu. Su waɗannan mutane ba salonsu ɗaya ba, ba ma daga yanki ɗaya suka fito ba. Abin da bai canza ba a shekarun kofuna ukun nan na jere shi ne ƙashin bayan ƙungiyar, irin su Rabi'u Ali da ake kira Pele da Gambo Muhammad, 'yan wasan da suka san juna har ba sa buƙatar ɗaga kai kafin su miƙa ƙwallo. Daga cikin wannan zubi ne kocin Super Eagles Stephen Keshi ya ɗauki Gabriel Reuben zuwa gasar Afirka ta 2013 da Nijeriya ta ci. Abin sha'awa, Enyimba ta riga ta nuna wannan darasi da waɗannan mutane biyu: Ikhana ya ci mata kofin Afirka a 2003, ya tafi, Emordi ya zo ya sake ci a 2004.

Za a ce ai tarihin rashin shan kaye a gida ba abin tinƙaho ba ne a lig ɗin Nijeriya, inda kowa ya san alƙalin wasa kan shiga fili yana tunanin yadda zai fita lafiya. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk mai son ƙwallon gida ya kamata ta dame shi. Ikhana da kansa bai bar aiki yana yabon tsarin ba. Sai dai ko an karɓe ta ɗungurungum, ba ta taimaki masu cewa koci ne komai ba, domin tana ƙara nuna cewa akwai abubuwan da ke ba ƙungiya maki waɗanda ba su da alaƙa da wanda ke zaune a benci. Kuma ba ta iya bayyana ƙwallo biyu a ragar Al Ahly a Alƙahira, inda babu ganga babu kirari. Ƙungiyar tana da inganci na gaske.

Akwai ƙalubalen da ya fi wannan kaifi, kuma mu 'yan Nijeriya mun ɗanɗana shi a jikinmu. A Janairun 2024 Ikwatoriyal Gini ta lallasa Kodebuwa 4 da nema a gidanta, aka sallami kocinta Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, aka miƙa wa mataimakinsa Emerse Faé, mutumin da bai taɓa jagorantar babbar ƙungiya ba. Ranar 11 ga Fabrairu ya ɗaga kofi bayan doke Super Eagles 2 da 1 a Abijan. Idan wannan ba ikon sauya koci ba ne, mene ne? Amsar ita ce lalle sauyin ya yi aiki, ba mai musun haka. Ya sauke wa 'yan wasa nauyin tsoro, ya dawo da waɗanda aka ajiye a benci. Amma Faé bai ƙera Franck Kessié ba, bai ƙera Sébastien Haller ko Simon Adingra ba, kuma da Maroko ba ta doke Zambiya a wasan rukuni ba, da bai samu ko wasa ɗaya da zai jagoranta ba. Mai girki komai gwanintarsa da cefanen da ya tarar yake aiki. Nasa shi ne kada ya ƙona. Haka Claudio Ranieri ya ci gasar Ingila da Leicester a 2016, aka kore shi wata tara bayan haka, shi ne dai bai canza ba. Mutanen Zariya ma suna da misali na kusa a ɗansu Masai Ujiri, wanda ya tashi a garin: a 2018 ya sallami kocin Toronto Raptors ta ƙwallon kwando ya naɗa Nick Nurse, suka ci kofi a 2019, amma a bazarar 2018 ɗin ce kuma ya ɗauko Kawhi Leonard. Bai yarda sabon koci shi kaɗai zai isa ba.

Ita kuwa Pillars ta gwada maganin nan na sauya koci a lokacin da cutar ta riga ta koma wani wuri. A Maris ɗin 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyarta ta zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa, har da Gambo Muhammad. A wannan shekarar aka rabu da Emordi, aka dawo da Baba Ganaru, kofin bai dawo ba. Daga baya aka dawo da Ikhana da kansa, bai kai ƙarshen kakar 2017 ba. Mutanen da suka ci kofi jiya su ne dai, da iliminsu da komai, amma zubin 'yan wasan ya tsufa ko ya watse, ba a kuma reni wani a madadinsa da irin wancan haƙurin ba. Kofin ƙalubale na 2019, da aka ci Niger Tornadoes a bugun fenariti a filin Ahmadu Bello na Kaduna ƙarƙashin Ibrahim Musa, ya faranta rai, sai dai gasar sili-ɗaya-ƙwale ba ta auna lafiyar ƙungiya kamar yadda lig ke yi. Da lig ɗin ya auna, sakamakon ya yi ɗaci. Pillars ta daɗe tana buga wasanninta na gida a Kaduna, da ta koma Kano a Afrilun 2022 wasu 'yan kallo suka farfasa motar Katsina United, aka zabtare mata maki, aka tura ta Abuja ta ƙarasa kaka a filin da ba nata ba. An sauya koci a wannan kakar ma. A ƙarshenta ƙungiyar da ta fitar da Al Ahly ta faɗa rukunin 'yan dagaji, abin da masoyanta ba su taɓa kawowa a ransu ba.

Wannan ne ya sa korar koci ta zama abin da hukumomin ƙungiyoyinmu suka fi saurin yi: ita ce mafi arha. Ba ta buƙatar a biya bashin albashi da kuɗin sa hannu, ba ta buƙatar a gyara ciyawar fili ko a tsare ƙofofinsa, ba ta buƙatar a ɗauki yaro ɗan shekara 15 daga filin unguwa a yi shekara biyar ana renonsa. Takarda ɗaya ce da sanarwa a rediyo, magoya baya su huce na mako biyu. Pillars ta dawo babban rukuni a 2023 bayan kaka ɗaya a ƙasa, Rabi'u Ali na cikin fili har lokacin, Ahmed Musa kuma ya sake saka rigar a 2024. Dukansu biyu 'ya'yan wancan zubi ne na tsakanin 2009 da 2014, kuma ƙungiyar da ke jingina da su bayan shekara goma tana buƙatar ta fito da waɗanda za su gaje su kafin ta sake neman wanda za ta miƙa wa benci.