Marubucin Agadas da doguwar hanyar maɗaba'a



Yau za mu taɓo tarihin wasu mutane da ba a cika kula da su ba a garin nan, wato masu rubuta ƙagaggun labarai. Akwai su fa. Daga Amarewat har Dagamanet ba a rasa mushen lakwal, ko ɗaliba, ko matar aure da ta cika kaye biyu ko uku da labari ta ɓoye a ƙasan akwati. Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya guda ne: in an gama rubutun, ina za a kai shi? Tambayar nan ta girme su duka. Tun da aka fara buga labarin Hausa da inji, masu bugawar a wani gari suke, sau da yawa ma a wata ƙasa.

Shi rubutu kam ba baƙo ba ne a Agadas. Garin da aka gina wa hasumiya mai tsawon mita 27 wajajen 1515 ba ya rasa masu alƙalami. Nan Shehu Usman ɗan Fodiyo ya biyo malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya yi zaman karatu. A wancan zamani yaɗa littafi aikin hannu ne. Takarda ta Italiya ce, mai tambarin jinjirin wata uku, raƙuma ke kawo ta daga Tarabulus. Almajiri ya zauna ya kwafe, a sa a gafaka, ayari ya ɗauka zuwa Katsina ko Kano. Sai dai abin da ake kwafewa fiƙihu ne da nahawu da waƙoƙin wa'azi da jerin sarakuna. Tatsuniya da hikaya a baki suke, wajen kaka da dare, ba wanda zai ɓata takarda mai tsada a kansu. Sannan aka yi yaƙin Kawusan, daga ƙarshen 1916 zuwa watan Maris na 1917. Da Faransawa suka ƙwace garin, an kashe malamai da dama, jama'a ta watse.

Ku duba wani abin mamaki. A 1934 wani hafsan Faransa, Yves Urvoy, ya fassara rubutattun tarihin sarakunan Agadas daga Larabci, aka buga a wata mujallar masana a Paris. Kusan a daidai lokacin, can Zariya, wani Bature mai suna Rupert East ya zaga wajen malamai da ƴan boko na Arewacin Najeriya yana cewa a rubuto ƙagaggen labari da Hausa, za a ba da kyauta kuma a buga. Gasar 1933 ke nan. Ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin malamin makaranta ne a Katsina ɗan shekara 22, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Ba don Ingilishi sun fi son Hausa a ransu ba ne, littattafan karatu suke nema wa makarantunsu. Amma ko ba komai matashin Katsina ya sami ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Daga baya aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sai kamfanin NNPC a 1966.

Mu a nan ɓangaren, lakwal ta Faransa ba ta san Hausa ba, ba ta san Tamajak ba. Dattawanmu da suka yi lakwal sun san sambol, abin nan da ake rataya wa yaron da aka ji ya yi harshen uwarsa. To yaron da aka raina haka, in ya tashi rubuta labari da me zai rubuta? Da Faransanci mana. Kuma mai buga Faransanci yana Paris. Ibrahim Issa, mutumin Gure, can aka buga masa littafinsa a 1959, shi ne ake ƙirgawa labari na farko da ɗan Nijar ya fitar da Faransanci.

Labarin Abdoulaye Mamani ya fi kowane nuna yadda abin yake. Tarihin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta kara da rundunar Voulet da Chanoine a 1899, tarihin ƙasar Hausa ne tsantsa. Mamani ya rubuta shi da Faransanci, kamfanin L'Harmattan na Paris ya buga a 1980. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Shi kuwa marubucin ya rasu a 1993 a haɗarin mota tsakanin Damagaram da Yamai, yana kan hanyar zuwa karɓar kyautar adabi ta Boubou Hama. Allah ya jiƙansa. Mutanen Lugu nawa suka iya karanta littafin da aka yi kan Sarauniyarsu?

Na Ayar ma hanyar ke nan. Mano Dayak, wanda filin jirginmu ke ɗauke da sunansa, a Paris aka buga littafinsa na 1992, na biyun kuma ya fito a 1996 bayan ya rasu a haɗarin jirgi a watan Disamba na 1995. Hawad, mawaƙin Abzinawa, da Tamajak yake rubutu a haruffan Tifinag, amma a Faransa yake zaune, can ake fassarawa ana bugawa. Za ka sha wuya kafin ka ga littafinsa a hannun wani yaro a kasuwar Agadas.

Abin da ya canza lissafi daga kudu ya zo. Cikin shekarun 1980 tattalin arzikin Najeriya ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta kaɗai. Sai matasa, galibi a Kano, suka daina jira. Mutum ya rubuta a littafin makaranta, ya kai wa mai tafireta, ya tara kuɗinsa ko ya ranta, ya kai ƙaramar maɗaba'a, ya ɗauko da kansa ya raba wa masu shago. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Masana suka laƙaba musu "adabin kasuwar Kano", da sigar raini. Su ma marubutan sun san ana raina su, ai shi ya sa wata ƙungiyarsu ta sa wa kanta suna Raina Kama. An zage su, a 2007 ma gwamnatin Kano ta ƙona wasu littattafai a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Amma a ganinmu babu wata hukuma ko shirin yaƙi da jahilci da ya sa matan ƙasar Hausa karatun boko don jin daɗi kamar ƙananan littattafan nan masu arha.

Sun iso mu ta Damagaram da Maraɗi, cikin kayan ƴan kasuwa, tare da atamfa da kaset. Da yawa daga cikinmu Faransanci aka koya mana a lakwal, karatun Hausa kuwa a jikin littattafan Kano muka tsince shi, muna harhaɗa baƙaƙe da kanmu. Littafi guda sai ya zaga gida goma har bangonsa ya fita. Daga nan sha'awar rubutu ta shiga zukatan wasu. Amma ku ƙiyasta aikin: kilomita wajen 450 zuwa Damagaram, daga can wasu fiye da 200 zuwa Kano, ga iyaka, ga canjin sefa zuwa naira. In an buga, wa zai tsaya maka a kasuwar Sabon Gari yana bin ƴan shago bashi? Ɗan Kano ma da ke gari guda da su kuka yake yi da rashin biya, bare kai da ke bayan Tanut.

A Nijar ɗin ma an taɓuka. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1999 hukuma ta tsayar da ƙa'idar rubutun harsunan ƙasa, dalilin da ya sa mu ke rubuta ƴ mai lanƙwasa inda ƴan Najeriya ke sa 'y. A farkon shekarun 2000 maɗaba'ar Albasa, da tallafin Jamus, ta fitar da littattafai cikin harsunan gida, akwai kuma Gashingo a Yamai. Aiki ne mai kyau, sai dai yawancinsa don aji aka yi shi, kuma abin da ya dogara da kuɗin tallafi, in tallafin ya ƙare sai ya yi sanyi. Ita kuma Yamai ta fi Kano nisa da mu, kilomita fiye da 900.

To yau fa? Yau maɗaba'ar tana cikin aljihu. Mai rubutu a Agadas da salula take yi, da babban yatsa. Da rana aiki ne ko girki ko lakwal, rubutu sai bayan isha'i in yara sun kwanta. Idonta ɗaya kan labari, ɗaya kan caji, domin lokacin zafi in wutar da ke zuwa daga Anu Araran ta ɗauke, to shafin yau ya tafi sai gobe. Tana sakin shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad. In labari ya kama mutane sai ta tsaya daidai inda ya yi daɗi, ta ce mai son ci gaba ya biya a sa shi a rukuni. Masu karatun kuma ba sa haƙuri, in ta yi kwana biyu shiru saƙo ya dinga shigowa ke nan, ko jinya take yi.

Nan ma iyakar nan ba ta bar ta ba. Mafi yawan masu karatun Hausa a intanet ƴan Najeriya ne, da naira suke biya ta asusun banki. Dole ta nemi wani amintacce a Kano ko Katsina da zai karɓa mata, ya aiko da sefa bayan an cire kuɗin canji. Lokacin takunkumin CEDEAO, daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa farkon 2024, ko wannan ƴar hanyar sai da ta ƙuntata. Ga kuma ɓarayin zaune: mutum guda ya biya ya tura wa ɗari, wani ya kwashe labarin ya karanta a YouTube yana cin kuɗin talla, ko sunanta bai ambata ba. Ofishin kare haƙƙin mawallafa yana Yamai, ɓarawon yana wata ƙasa. Dandamalin ma ba su da tabbas, OkadaBooks da marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu ciki ya rufe a ƙarshen 2023. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 don mata, ta buɗe wata ƙofar, amma gajeren labari ne kuma sau ɗaya a shekara.

Akwai wata asarar da ta fi ta kuɗi damunmu. Don ta samu kasuwa, marubuciyar Agadas takan goge Agadas daga labarinta. Lakwal ta koma makaranta, jika ta koma naira dubu, jarumin ya zama ɗan mai kuɗin Nasarawa ta Kano ko Maitama ta Abuja, unguwannin da ita kanta ba ta taɓa takawa ba. Ba mu ga laifinta ba, mai saye take bi. Amma ku dubi abin da ake bari a ƙasa. Direban da ya yi shekaru yana kai fasinja Dirku, dokar 2015 ta mai da shi mai laifi dare ɗaya, aka kama motarsa, sannan a Nuwamban 2023 aka soke dokar. Saurayin da ya tafi haƙar zinariya Jado a 2014 da alkawarin aure a wuyansa. Maƙerin azurfa da ya ga ƴan yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa. Matar ma'aikacin Arlit, da madugun ayarin gishirin Bilma, da daren Bianu. Ƴan jaridar Turai sun zo sun cika otal-otal ɗinmu, sun rubuta garin nan da harsunansu, yawanci a matsayin tashar bakin haure kawai. Ƴan gitarmu sun tsira daga wannan, Bombino ya sa wa faifansa na 2011 suna Agadez kuma duniya ta saurara, domin kiɗa ba ya jiran maɗaba'a.

A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. In da gaske za a shigar da ita aji, za a buƙaci littattafan karatu masu yawa, irin buƙatar da ta sa aka yi gasar Zariya a 1933. A wancan karon an zaga gari gari ana neman masu rubutu. A wannan karon muna jira mu ga ko zagayen zai wuce Tawa ya iso nan, inda muke da jami'a tun 2014, ko kuwa za a zauna a Yamai a sayo na Kano a canza musu haruffa.