Wa ke riƙe da lissafin wutarka?

1/ Jama'a, zaren yau kan wutar lantarki ne, amma ba zancen "an kawo, an ɗauke" ba. Tambayata ɗaya: wa ke riƙe da lissafin abin da ka sha? A Daudawa da kewayenta, Faskari, Sabuwa, Ƙanƙara, lissafin nan ya sha canja hannu. Ku biyo ni.

2/ Zamanin fitilar ƙwai, a hannun uwargida yake. Tana ganin kwalbar kananzir da idonta, ta san kwana nawa za ta kai. Ta rage lagwani, ta hure da wuri.

3/ Sai hukuma ta karɓa. ECN ta fara aiki a 1951, Kainji ta fara ba da wuta a 1968, a 1972 aka kafa NEPA. A 2005 ta koma PHCN. A Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa, KEDCO ta ɗauki Kano, Katsina da Jigawa.

4/ Suna yana ta canjawa, gidaje da yawa kuwa babu mita. Bil ɗin kintace ake kawowa. Wanda ya kashe ƙwansa da asuba da wanda ya bar nasa yana ci har azahar, kuɗinsu ɗaya. To don me mutum zai kashe? A ganina nan muka koyi ɓarnar wutar da ko isarmu ba ta yi.

5/ Mitar kati ce ta fara dawo da lissafi gida. A 2020 gwamnatin tarayya ta fito da shirin raba mita. A Afrilun 2024 aka kai yunit ɗaya naira 225 ga 'yan Band A, masu alkawarin awa 20 a rana. (Kowa ya san ko unguwarsu na ciki.) Mai mita ya fara harara in an jona dutsen guga.

6/ Amma mu nan wuya ce ta koya mana. A 2021, saboda 'yan bindiga, gwamnatin Katsina ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumominmu. Mai janareto ya rasa abin zubawa. A Mayun 2023 aka cire tallafin mai. A Oktoban 2024 aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwanaki cikin duhu.

7/ Shi ya sa sola ta cika rufin shaguna. Ku lura, abin da ke samun kasuwa ba faranti kaɗai ba ne, har da na'urar da ke auna wutar ta rarraba ta. Su Siemens da Schneider Electric na sayar wa manyan masana'antu irin wannan tsari. Namu ƙarami shi ne allon inbata, mai nuna kashi nawa ya rage a batir.

8/ Mai cajin waya yanzu yana duba allo kamar yadda kakarsa ke duba kwalba. Mai firiza ya kunna da rana tsaka, ya kashe da la'asar, don batir ya kai shi safe. Batirin ruwa in ana yawan zuƙe shi ƙasa da rabi, ba ya daɗewa. Na litiyom ya fi juriya, ya kuma fi tsada.