Daga Yajin Ɗaliban Midil ta Kano zuwa Ƙungiyar Malaman Arewa: Darasi ga Masu Tsara Manhaja

Gabatarwa

Sau da yawa idan ana ba da tarihin ilimin boko a ƙasar Hausa, akan tsaya ne a kan abin da hukuma ta yi. Akan ambaci makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina wadda aka mayar Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. Ba kasafai ake waiwayar ɗalibai da matasan malaman da suka zauna cikin waɗannan makarantu, suka ga aibinsu, suka haɗa kai don gyara su ba. Wannan muƙala za ta bi sawun irin wannan yunƙuri ta hanyar rayuwar Malam Aminu Kano da abokansa, daga shekarun 1930 zuwa 1950, domin nuna cewa a cikin makarantar ne suka koyi dabarun gyaran makaranta.

Sabulu da abinci

An haifi Aminu Kano a 1920, ya kuma yi karatu a Makarantar Midil ta Kano, wadda ake kira Kwalejin Rumfa a yau, daga 1933 zuwa 1937. Makarantun midil na wancan zamani na kwana ne, kuma baitulmalin En'e ke ɗaukar nauyinsu. Saboda haka duk abin da ɗalibi zai ci, da wanda zai sa, da wanda zai yi wanki da shi, yana hannun hukumar makaranta ne. A nan ne Aminu ya jagoranci 'yan'uwansa ɗalibai suka yi yaji saboda ƙarancin sabulu, da rashin kyawun abinci, da tsananin dokoki. Mai karatu na iya ganin waɗannan ƙananan abubuwa ne. Amma a zamanin da talaka ba ya ɗaga ido ya dubi mai mulki, ba ƙaramin al'amari ba ne yara su tsara kokensu, su yi magana da murya ɗaya.

Da ya wuce Kwalejin Kaduna, sai ya sami wata kafar, wato wasan kwaikwayo. Ya riƙa tsara wasanni da Hausa, ɗalibai suna yi, ana dariya, amma a ciki ana sukar zalunci da ha'inci. A daidai wannan lokaci, a 1939, aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, inda Abubakar Imam yake edita, ta kuma buɗe wa 'yan boko filin rubuta wasiƙu a kan abin da ya dame su.

Majalisar Taɗi ta Bauchi

A 1942 aka tura Aminu koyarwa Makarantar Midil ta Bauchi. Can ya haɗu da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma malami ne a makarantar, da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya riga ya gwada kafa ƙungiyar tattaunawa a Zariya. A 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda malamai da ma'aikatan En'e suke muhawara a kan ilimi da tattalin arziki da sha'anin mulki. Da farko Turawan mulki sun ba ta goyon baya. Da muhawara ta kai ga tsarin mulkin En'e da albashin sarki, sai aka rufe ta. Rufewar ba ta kashe abin da aka koya ba, domin matasan sun riga sun iya kiran taro, da tsara ajanda, da rubuta bayanin taro, da kare hujja a gaban manya. A Sakkwato ma, matasan malamai irin su Shehu Shagari sun kafa tasu ƙungiyar a tsakiyar shekarun 1940.

Ƙungiyar Malaman Arewa

A 1946 Aminu ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Can ne tunanin haɗa kan malaman Arewa ya nuna, har aka kafa ƙungiyarsu a 1948, shi ne babban sakatarenta. Buƙatunta sun haɗa da kyautata albashi da yanayin aikin malami, da kawar da bambanci tsakanin malaman Arewa da na Kudu, da gyaran manhaja. Tana cikin ƙungiyoyin farko da suka game Jihar Arewa baki ɗaya, kuma da dama cikin 'ya'yanta sun zama jagororin siyasa. Shi kansa Aminu ya bar koyarwa a Kwalejin Horon Malamai ta Maru a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU.

Kammalawa

Wannan tarihi bai zama tsohon zance ba. Ko a Babban Birnin Tarayya, yajin aikin malaman firamare na 2025 a kan mafi ƙarancin albashi ya rufe makarantun gwamnati fiye da wata uku, har da na unguwanni irin su Karmo, inda galibin masu zuwa waɗannan makarantu 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne. Kwamitocin kula da makarantu da aka ɓullo da su bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 sun tanadi kujeru ga wakilan ɗalibai da na tsofaffin ɗalibai. Sai dai kujera ba ta amfanar wanda ba a koya masa magana ba.

A nan ne aikin malamin Hausa yake. Muhawara, da wasan kwaikwayo, da rubutun wasiƙar neman haƙƙi, da rubuta bayanin taro duk suna da gurbi a darasin harshe. Ya kamata masu tsara manhaja su ware musu lokaci na sosai, a kuma bar ɗalibai su ɗauko batutuwan daga makarantarsu: rufin da ke yoyo, ajin da ba benci, rijiyar da ta ƙafe. Da irin waɗannan ne ɗaliban Midil ta Kano suka fara.