Agogon da ya kusa hana duniya ganin Titan

A ranar 14 ga Janairun 2005 wani ƙaramin kumbo mai suna Huygens, na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, ya ratsa hazon Titan, mafi girma a cikin watannin duniyar Saturn, ya sauka da laima a kan wata ƙasa mai tsakuwar ƙanƙara, inda sanyi ya kai digiri 179 ƙasa da sifili. Har yau babu abin da hannun ɗan'adam ya ƙera da ya taɓa sauka a wuri mai nisan wannan. An raɗa wa kumbon sunan Christiaan Huygens, masanin ƙasar Holan da ya gano Titan a 1655, wanda kuma shi ne ya ƙirƙiro agogo mai lilo shekara guda bayan haka. Abin da ya kusa mayar da wannan tafiya aikin banza shi ma batun agogo ne, kuma sau biyu ya taso.

Huygens ba shi da ƙarfin da zai aiko da saƙo duniya kai tsaye. An tsara cewa babban kumbo Cassini na hukumar NASA, wanda ya goya shi tun daga tashinsu a Florida ranar 15 ga Oktoban 1997, shi zai tsaya masa a matsayin ɗan aike: Huygens ya yi magana, Cassini ya saurara ya adana, daga baya ya juyo ya isar. Batiran Huygens na 'yan sa'o'i ne kawai, saboda haka duk abin da Cassini bai ji ba a wannan ɗan lokaci ya tafi ke nan.

Rediyon da ke ɗauke da lambobi yana tafiya ne bisa bugu iri biyu. Na farko shi ne kaɗawar igiyar rediyon kanta, wadda a wajen Huygens ta kai sau biliyan biyu da ɗoriya a kowace daƙiƙa. Na biyu shi ne saurin da lambobin ke fita, sifili ko ɗaya, bi da bi: guda 8,192 a daƙiƙa. Dole na'urar karɓa ta san daidai inda lamba ɗaya ta ƙare da inda ta gaba ta fara. Lamarin ya yi kama da lugude: mata biyu a turmi ɗaya, kowace na sauraron taɓaryar 'yar'uwarta tana daidaita tata, idan ɗaya ta ɗan yi gaba ɗayar ta bi ta, in kuwa ba haka ba taɓare su haɗu. Haka na'urar karɓa ke yi. Tana da nata agogon, amma tana lura da wuraren da saƙo ke juyawa daga sifili zuwa ɗaya, tana ɗan ja ko sassauta bugunta don ta tafi tare da mai aikowa. Sai dai akwai iyakar gyaran da aka ba ta ikon yi, kuma mai ƙira ne ke yanke wannan iyaka.

Motsi yana sauya duka bugun biyu. Duk wanda ya tsaya a bakin titi ya ji jiniyar motar asibiti ta yi tsini tana tahowa, ta yi kauri bayan ta wuce, ya san abin da Christian Doppler ya bayyana a 1842. A tsarin farko, Cassini zai riƙa bin bayan Huygens yana kusantarsa da gudun kimanin kilomita biyar da rabi a daƙiƙa. Idan aka auna wannan da saurin haske, ya kama kusan kashi 18 cikin miliyan. A kan igiyar rediyo, hakan na nufin ƙarin kaɗawa wajen 38,000 a daƙiƙa, kuma masu ƙirar sun san da wannan, sun yi masa tanadi. Amma kashi 18 ɗin nan ya shafi saurin lambobin ma. Daidai yake da agogon hannu da ke yin gaba da daƙiƙa ɗaya da rabi a kwana guda, abin da babu mai agogon da zai kula da shi. Ga na'urar Cassini kuwa, ma'anarsa lamba guda cur za ta zame duk bayan daƙiƙa shida ko bakwai, kuma iyakar gyaran da aka ba sashen da ke bin bugun lambobi ta yi ƙunci da yawa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Yadda kuskuren ya tsallake kowane bincike shi ne sashen tarihin da injiniyoyi suka fi tsayawa a kai. Kamfanin Alenia Spazio na Italiya ne ya ƙera na'urar karɓar, kuma an riƙe cikakken zanenta a matsayin sirrin kasuwanci, don haka injiniyoyin cibiyar JPL ta NASA ba su duba cikinta ba. An yi gwaje-gwaje kafin tashi, an kuma ci gaba da duba lafiyar Huygens a hanya, amma a lokacin yana manne da Cassini, wato babu motsi tsakaninsu. Kowane gwaji ya nuna komai lafiya, domin babu wanda ya kwaikwayi yanayin da na'urar za ta yi aiki a cikinsa ranar sauka.

Wanda ya tono matsalar shi ne Boris Smeds, injiniya ɗan ƙasar Suwidin da ke aiki a cibiyar hukumar Turai ta Darmstadt a Jamus. An so a yi gwaji mai sauƙi, a aika wa Cassini igiya tsura a ga ko ya ji. Smeds ya nace a aika saƙo cikakke mai kama da na Huygens, da irin zamewar da motsi zai haifar. A farkon Fabrairun 2000 ya je tashar Goldstone da ke hamadar Mojave a Kalifoniya, ya yi kwana biyu yana aika saƙonninsa ta babban faifan eriya. Abin da ya dawo daga Cassini a dagule yake. Maimakon ya tsaya ga jadawalin da aka amince da shi, sai ya sauya saurin lambobin yadda zai share tasirin motsi, kuma a nan saƙon ya fito tsaf. Wannan bambanci shi ne shaidar da ta nuna ainihin inda ciwon yake. Duk da haka sai da aka shafe watanni kafin hukumomin biyu su gamsu, aka kafa kwamitin bincike, ya tabbatar cewa da an tafi a haka da mafi yawan bayanan Huygens sun salwanta.

Gyaran kansa ba shi da wuya a takarda: a faɗaɗa iyakar nan. Matsalar ita ce an dasa umarnin a cikin na'urar ta yadda ba a iya sauya shi daga duniya. Tun da ba a iya taɓa rediyon ba, sai aka sauya tafiyar. A 2001 aka sanar da sabon tsari: aka sake fasalin zagayen farko da Cassini zai yi wa Saturn, aka ɗage saukar daga Nuwamban 2004 zuwa Janairun 2005, aka kuma sa Cassini ya wuce Titan da tazarar kimanin kilomita 60,000 maimakon 1,200. Da haka ya riƙa wucewa ta gefe, saurin kusantar ya ragu, zamewar ta shigo cikin abin da na'urar ke iya bi. Aka ƙara da wata dabara: a tashi Huygens sa'o'i huɗu kafin ya shiga iskar Titan don ya ɗumama, domin zafi na ɗan sauya bugun agogon da ke fitar da lambobinsa.

Tsarin ya yi aiki. Huygens ya rabu da Cassini ranar 25 ga Disamban 2004, ya shafe kusan sa'a biyu da rabi yana sauka, Cassini kuma ya ci gaba da jinsa minti 72 bayan ya dira. Amma layi biyu ne ke ɗauke da saƙon, kuma na farkon bai isa ba. An bar umarni guda a cikin jerin da aka aika wa Cassini, wanda zai kunna agogon rubidiyam mai tsananin daidaito da wannan layi ya dogara da shi. Hotuna kimanin 350, rabin waɗanda aka sa ran samu, suka ɓace, tare da awon iskar Titan da aka shirya yi ta hanyar lura da zamewar igiyar. Abin da ya ceci awon shi ne manyan faifan sauraro na duniya, musamman na Green Bank a Amurka da na Parkes a Ostireliya, waɗanda suka tsinci siririyar igiyar daga nisan sama da kilomita biliyan ɗaya. Da yake kowannensu na da agogon atom, an iya auna zamewar, aka gano iska mai gudun sama da kilomita 400 a sa'a a tsayin kilomita 120.

Shekara tara bayan haka aka ga yadda lamarin ke kasancewa idan aikin rediyo ya koma hannun manhaja. A 2014 wasu masu sa kai suka nemi yin magana da ISEE-3, kumbon da aka harba a 1978, wanda NASA ta riga ta kawar da na'urorin da ke jin yarensa. Suka rubuta sabon rediyon a manhajar GNU Radio, suka haɗa da akwatin USRP da faifan Arecibo na Puerto Rico, kuma a ƙarshen Mayu kumbon ya amsa umarninsu. A irin wannan rediyo, iyakar da ta tilasta sauya hanyar Cassini adadi ne da ake gyarawa a layi guda.

Agogon kuwa yana nan a matsayin ƙarfe da dutse. Ƙananan na'urorin RTL-SDR masu arha, da masu sha'awar rediyo suka fara amfani da su tun 2012, suna dogara da ƙwayar kwatz mai kaɗawa sau miliyan 28.8 a daƙiƙa, kuma a na farko-farkonsu kuskurenta kan kai gomman kashi cikin miliyan, ya kuma sauya idan na'urar ta yi zafi. Shi ya sa mai gyara ke fara auna agogonsa da wata tasha da aka san zangonta, kafin ya zargi eriya ko manhaja.