Abokin Ɓarawo Ɓarawo ne? Yarfen Siyasa a Zaɓen Amurka na 1950

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce abokin ɓarawo ɓarawo ne, ya kuma ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Iyaye kan yi amfani da waɗannan karin magana wajen jan kunnen 'ya'yansu game da abokan hulɗa. Amma idan ɗan siyasa ya shiga da wannan hikima fagen yaƙin neman zaɓe, takan koma makami. Maimakon ya faɗi laifin da abokin hamayyarsa ya aikata, sai ya nemo wani mutum da jama'a suke ƙi ko suke tsoro, ya jingina abokin hamayyar da shi, ya bar masu zaɓe su ƙarasa lissafin da kansu.

Yana da kyau ɗalibi ya bambance wannan da ƙazafi. Mai ƙazafi yakan ƙirƙiri ƙarya tsagwaronta, ana kuma iya ƙaryata shi. Mai shafa wa mutum kashin kaji ta hanyar jingina shi da wani, shi kuwa, yakan tsinto 'yar ƙaramar gaskiya ne, ya jera ta yadda za ta haifi ƙarya a zuciyar mai sauraro. Wannan maƙala za ta duba yadda aka yi amfani da wannan dabara a zaɓen 'yan majalisar dattawan Amurka na 1950, a jihohin Kalifoniya da Maryland, sannan ta waiwayi abin da ya biyo baya.

2.0 Yanayin Amurka a 1950

Ba za a fahimci zaɓen 1950 ba sai an san halin da Amurkawa suke ciki a lokacin. A watan Agustan 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko. A watan Oktoba na wannan shekara 'yan gurguzu suka kafa gwamnati a ƙasar Sin. A watan Janairun 1950 kotu ta sami Alger Hiss, wani tsohon babban jami'in ma'aikatar harkokin waje da ake zargi da yi wa Sobiyet leƙen asiri, da laifin yin rantsuwa a kan ƙarya. Ranar 9 ga Fabrairu kuma Sanata Joseph McCarthy ya yi jawabi a garin Wheeling, inda ya ce yana riƙe da sunayen 'yan gurguzu da ke aiki a wannan ma'aikata. Ranar 25 ga Yuni yaƙin Koriya ya ɓarke, aka tura samarin Amurka fagen daga. Ana saura kwanaki kaɗan a yi zaɓe, wato ranar 7 ga Nuwamba, sojojin Sin suka fara gwabzawa da na Amurka a Koriya.

A irin wannan yanayi, kalmar gurguzu ta isa ta kashe ɗan siyasa. Amurkawa suna kiran 'yan gurguzu jajaye, saboda jar tutarsu. Wanda kuma ake zargin yana tausaya musu ba tare da ya shiga jam'iyyarsu ba, sai a ce shi ruwan hoda ne, wato ja da aka surka.

3.0 Takarda mai ruwan hoda

A Kalifoniya mutum biyu ne suka nemi kujerar sanata, dukansu kuwa 'yan majalisar wakilai ne. Jam'iyyar Republican ta tsayar da Richard Nixon, wanda ya yi suna wajen bin diddigin Alger Hiss. Jam'iyyar Democrat ta tsayar da Helen Gahagan Douglas, tsohuwar 'yar wasan kwaikwayo da ta shiga majalisa a 1945.

Mai tsara wa Nixon yaƙin neman zaɓe, Murray Chotiner, ya fitar da wata takarda da aka buga dubun dubatarta aka rarraba a faɗin jihar. Takardar ta kwatanta ƙuri'un da Douglas ta kaɗa a majalisa da na Vito Marcantonio, ɗan majalisa daga New York, wanda kowa ya san yana goyon bayan manufofin 'yan gurguzu, ya kuma fito fili ya yi adawa da shigar Amurka yaƙin Koriya. Takardar ta ce sau 354 ƙuri'ar Douglas ta zo ɗaya da ta Marcantonio. An kuma buga ta a kan takarda mai launin ruwan hoda, don haka ko wanda bai karanta ba ya gane saƙon.

Abin lura shi ne, takardar ba ta ce Douglas 'yar gurguzu ce ba. Ta kawo lissafi ne, ta jingina ta da Marcantonio. Da yawa daga cikin waɗannan ƙuri'u an kaɗa su ne a kan batutuwan cikin gida, inda yawancin 'yan Democrat suka yi zaɓi iri ɗaya, wasu ma a kan abubuwan da kusan dukkan majalisa ta amince da su. Shi kansa Nixon ƙuri'arsa ta sha zuwa ɗaya da ta Marcantonio. A kan babban shirin nan na Marshall, na farfaɗo da Yammacin Turai bayan yaƙin duniya na biyu, wanda Sobiyet ta tsana, Douglas ta goyi baya, Marcantonio ya ƙi. Gaskiya ne ta ƙi amincewa da tallafin Girka da Turkiyya a 1947, ta kuma ƙi dokar tsaron cikin gida ta 1950. Waɗannan batutuwa ne da suka cancanci muhawara. Sai dai takardar ba muhawara ta nema ba. Ta tara hatsi da tsakuwa ne a mudu ɗaya ta ce ga awo.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba Nixon ne ya fara jifan ba. Tun a zaɓen fid da gwani, abokin takarar Douglas a cikin jam'iyyarta, Manchester Boddy, mai wata jarida a Los Angeles, ya riga ya shafa mata wannan launi. Ita ma Douglas ta gwada irin wannan dabara, inda ɓangarenta ya tunatar da jama'a cewa Nixon da Marcantonio sun haɗu wajen ƙin wani ƙudurin tallafa wa Koriya a farkon 1950. Amma wa zai yarda cewa mutumin da ya tona asirin Alger Hiss abokin 'yan gurguzu ne? Jifan nata bai sami wurin zama ba. Nixon ya ci zaɓe da kashi 59 cikin 100, ita kuma ta sami kashi 41. Douglas ba ta sake tsayawa takara ba har ta rasu a 1980.

4.0 Hoton da aka haɗa

Abin da ya faru a Maryland ya ma fi wannan muni. Sanata Millard Tydings ɗan Democrat ne da ke majalisar dattawa tun 1927. Mai ra'ayin riƙau ne, har ta kai Shugaba Franklin Roosevelt, ɗan jam'iyyarsa, ya nemi a kayar da shi a zaɓen fid da gwani na 1938. Babu mai hankalin da zai kira shi ɗan gurguzu. Laifinsa shi ne, shi ya shugabanci kwamitin da ya binciki zarge-zargen McCarthy, kwamitin kuma ya fitar da rahoto a watan Yulin 1950 yana cewa zarge-zargen yaudara ce. McCarthy ya ƙulla shi a rai, ya tura mutanensa da kuɗi don taimakon John Marshall Butler, ɗan takarar Republican wanda ba a san shi sosai ba.

Ana gab da zaɓe, sai aka baza wata 'yar jarida ta yaƙin neman zaɓe ɗauke da hoton Tydings kusa da Earl Browder, tsohon shugaban jam'iyyar gurguzu ta Amurka, kamar wasu aminai da ke ƙus-ƙus. Babu ranar da aka taɓa ɗaukar wannan hoto. Hotuna biyu ne daban aka yanka aka manna: ɗaya na Tydings tun na 1938, yana sauraron rediyo, ɗaya kuma na Browder. Ƙwayar gaskiyar da ke ciki ita ce Browder ya bayyana gaban kwamitin Tydings ya ba da shaida, Tydings kuma ya yi masa godiya a ƙarshe, kamar yadda shugaban kwamiti kan yi wa shaidu. Wannan godiya ce aka rubuta a ƙarƙashin hoton. A cikin rubutun an saka kalma guda mai nuna cewa hoton haɗi ne, don masu shi su sami mafaka idan an tuhume su. Sun san ido hoto yake fara gani, ba ƙananan haruffa ba.

Butler ya kayar da Tydings da ratar ƙuri'a wajen 43,000. A 1951 wani ƙaramin kwamitin majalisar dattawa ya binciki zaɓen, ya yi tir da yadda aka gudanar da yaƙin neman zaɓen, amma ba a karɓe kujerar Butler ba. Manajan yaƙin zaɓensa, Jon Jonkel, shi ne aka ci tarar dala 5,000, ita ma saboda karya dokar kuɗin zaɓe.

5.0 Yadda dabarar take aiki

Idan aka haɗa misalan nan biyu za a ga abubuwa uku. Na farko, akwai 'yar gaskiya a ciki: an kaɗa ƙuri'un, an kuma yi godiyar. Na biyu, mai yarfen ba ya furta tuhumar da bakinsa. Launin takarda ko hoto ne ke yi masa magana, don haka ba a iya kama shi da ƙarya. Na uku, wanda aka jefa yakan shiga tsaka mai wuya. In ya yi shiru, a ce ya amsa laifi. In ya tsaya bayani, ya ƙara maimaita sunansa tare da na mutumin da aka jingina shi da shi. Layi ɗaya ya isa a yi yarfe, amma wanke kai sai an cika shafi.

Duk da haka, kuskure ne a ce takarda da hoto su kaɗai suka kayar da mutanen nan biyu. Shekarar 1950 ba ta yi wa jam'iyyar Democrat kyau ba a ko'ina. Republican ta ƙaru da kujeru 5 a majalisar dattawa da 28 a ta wakilai, har shugaban masu rinjaye na dattawa, Scott Lucas na jihar Illinois, ya sha kaye. Abin da ya fi muhimmanci a tarihi shi ne darasin da 'yan siyasa suka ɗauka. Sun ga Tydings, mai shekara 24 a majalisa, ya faɗi bayan ya ja da McCarthy, sai bakinsu ya mutu. Sai a ranar 2 ga Disamban 1954 majalisar dattawa ta yi ƙarfin halin tsawata wa McCarthy, da ƙuri'a 67 a kan 22. Kafin nan mutane da yawa sun rasa aikinsu da mutuncinsu saboda wani taro da suka taɓa halarta ko wani aboki da suka taɓa yi.

6.0 Bayan 1950

Dabarar ba ta mutu da McCarthy ba. Abin tsoron ne kawai ya sauya. A zaɓen shugaban ƙasa na 1988, wata ƙungiya mai goyon bayan George Bush babba ta fitar da talla a talabijin ɗauke da hoton William Horton, wani fursuna baƙar fata da aka ba hutun ƙarshen mako daga kurkukun jihar Massachusetts, ya gudu, ya kuma aikata mummunan laifi a 1987. Gwamnan jihar, Michael Dukakis, shi ne ɗan takarar Democrat. Tsarin ba fursunoni hutu an fara shi ne tun 1972, a zamanin wani gwamna ɗan Republican, ko da yake Dukakis ya kare shi. A nan ma akwai batun da ya cancanci muhawara, amma fuskar Horton aka sa a gaba, a ƙasar da launin fata yake da dogon tarihi. Bush ya ci jihohi 40. Manajan yaƙin zaɓensa, Lee Atwater, ya nemi gafarar Dukakis a 1991, gab da rasuwarsa.

A 2008 kuma an nemi a jingina Barack Obama da Bill Ayers, wanda ƙungiyarsa ta dasa bama-bamai a farkon shekarun 1970, lokacin Obama yana yaro ƙarami. Daga baya su biyun sun zauna a hukumar wata gidauniya a Chicago. Sarah Palin, mai neman mataimakiyar shugaban ƙasa a Republican, ta ce Obama yana abota da 'yan ta'adda. Wannan karon jifan bai kama ba. Bankuna suna durƙushewa a watannin nan, hankalin jama'a yana kan gidajensu da ayyukansu. Obama ya ci zaɓe da kusan kashi 53 cikin 100.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa yarfe ta hanyar jingina mutum da wani ba ya ƙirƙirar tsoro, yakan hau kan tsoron da ya tarar ne. Ya yi tasiri a 1950 saboda ana yaƙi a Koriya, ya kasa a 2008 saboda tsoron jama'a yana wani wuri. Wannan ba ya nufin kada a tambayi ɗan takara game da abokan tafiyarsa. Wanda ke ba shi kuɗi, da wanda ke ba shi shawara, da wanda zai naɗa a muƙami, duk haƙƙin mai zaɓe ne ya sani. Ma'aunin shi ne a tambaya: mece ce ainihin alaƙar, yaushe aka yi ta, kuma me ɗan takarar ya aikata da hannunsa ko ya faɗa da bakinsa? Da masu zaɓen Maryland sun yi wannan tambaya, da amsar da za su samu ita ce shugaban kwamiti ya gode wa mai ba da shaida. Karin maganar da muka fara da ita gargaɗi ce ga mai zaɓen aboki, ba hujja ce ta yanke wa mutum hukunci ba.