Li'irabin Bayanai da Haruffan Hausa: Nazarin Taskokin Manhaja a Yanayin Damagaram

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda taskokin manhaja masu li'irabin rubutu da fayilolin bayanai ke karɓar Hausar da ake rubutawa a jihar Damagaram. Hujjarta ita ce, manhajar da aka gwada da Faransanci kaɗai tana iya ɓata rubutun Hausa ba tare da ta nuna alamar kuskure ba.

Gabatarwa

Taskar li'irabi tarin umarni ce da wani ya riga ya rubuta, mai tsara manhaja ya ɗauko ya ɗora aikinsa a kai. Ita ke karanta fayil ta yanka shi gaɓa-gaɓa, ta ce nan kalma ce, nan lamba, nan ƙarshen layi. Zinder, babban birnin jihar, wadda ta riƙe hedikwatar mulkin mallaka daga 1911 zuwa 1926, ta gaji aikin ofis da Faransanci, alhali Hausa ake ji a unguwanninta na Birni da Zango. Tun da kundin mulkin da aka zartar a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, harsunan biyu za su ƙara haɗuwa cikin fayil guda.

Rabe-raben fayil

Matsalar farko mai sauƙi ce. Tsarin CSV, kamar yadda takardar RFC 4180 ta 2005 ta bayyana shi, da waƙafi yake raba gurabe. Faransanci kuwa da waƙafi yake rubuta guntun lamba, kamar 12,5, shi ya sa Excel mai saitin Faransanci ke raba gurabe da waƙafi mai ruwa. Taskar csv ta Python waƙafi take tsammani sai an gaya mata akasin haka. Haka nan jaka goma sha biyar da aka rubuta 15 000 da tazara a tsakiya, umarnin int na Python ba ya karɓarta. Irin wannan kuskure yana da kirki, domin yakan fito fili a gyara shi.

Haruffa masu ƙugiya

Nan ne ɓarnar take ɓuya. Masu tsara manhaja na da wata dabara ta daidaita sunaye don sauƙin bincike: su warware rubutu da tsarin NFD na Unicode, su zubar da duk abin da ba ya cikin ASCII. A Faransanci dabarar tana tafiya daidai, domin é tana rabuwa gida biyu, wasali da alamar kansa, sai Kantché ta koma Kantche. Amma ƙ, mai lamba U+0199, harafi ne guda da ba ya rabuwa, haka ɓ da ɗ da ƴ. Idan aka bi da su ta wannan hanya, gaba ɗaya suke ɓacewa: ƙasa ta koma asa, Ɗanladi ya koma anladi. Manhajar ba za ta ce uffan ba, ma'aikacin da ya duba sunayen Faransanci kuma zai ga komai lafiya. A rajistar ɗalibai ko ta masu karɓar tallafi, wannan na nufin a nemi mutum a rasa.

Alhamza ta fi haka wuyar sha'ani. A Hausa baƙi ce, kamar a jama'a da sa'a, amma a SQL da Python alama ce ta buɗe zance da rufe shi. Ga shi kuma siffofi uku take zuwa da su: U+0027 ta allon rubutu, U+2019 da Word ke sauya ta zuwa gare ta, da U+02BC, wadda ita kaɗai Unicode ya lissafa cikin haruffa. Alamar \w ta Python, mai nemo haruffan kalma, tana karɓar ta ukun, ta ƙi biyun farko, sai jama'a ta tsinke kalma biyu. A JavaScript kuwa alamar ko ƙ ba ta sani ba.

Iyakar Nijar da Nijeriya ma ta ƙara nata. Ƙa'idar rubutun da Nijar ta zartar a 1999 tana rubuta ƴaƴa, Nijeriya tana rubuta 'ya'ya. Hada-hadar Damagaram da Kano da Daura ta ratsa Magariya da Matamai tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, kuma yau rubutun sassan biyu cakuɗe yake a waya. Ga manhaja, ƴaƴa da 'ya'ya ba su haɗa komai ba.

Darasin DiLAF

Aikin DiLAF, wanda Chantal Enguehard da Mathieu Mangeot suka gudanar tare da masana harsunan Nijar, ya juya ƙamusoshin shirin Soutéba, har da na Hausa da Faransanci na 2008, daga fayilolin Word zuwa XML. Kafin a taɓa tsarin shigar kalmomi, sai da aka mayar da haruffa na musamman kan lambobinsu na Unicode. A ganina jerin matakan shi ne abin koyi: a daidaita harafi tukuna, li'irabi ya biyo baya.

Abin da ya dace da ofisoshin jihar da masu koyon ilimin kwamfuta a Jami'ar André Salifou shi ne a adana komai cikin UTF-8, a gwada kowace taska da fayil mai ɗauke da haruffa huɗu masu ƙugiya manya da ƙanana da siffofin alhamza uku kafin a amince da ita. Wajen haɗa ƴ da 'y kuwa, a buɗe gurbi na dabam don siffar bincike, a bar sunan yadda mai shi ya rubuta.