Wa Ke Sa Hannu Kafin a Sayo Kwamfutar Gwamnati? Waiwaye kan Shekaru Sittin

A ƙa'idar aikin Gwamnatin Tarayyar Najeriya a yau, babban sakatare ko shugaban hukuma ba shi da ikon ya wayi gari kawai ya ce a sayo kwamfutoci da manhajoji na miliyoyin naira. Sai kuɗin ya shiga kasafi, kwamitin tsara sayayya ya zauna, an tallata kwangilar, kuma Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, ta duba aikin ta sahale. Kowace ƙofa daga cikin waɗannan akwai ɓarnar da ta sa aka kafa ta, kuma wanda ya bi tarihinsu zai ga yadda tambayar da gwamnati ke yi wa mai saye ta riƙa sauyawa daga zamani zuwa zamani.

A farkon lamari kwamfuta ba abin da kowane ofis ke mafarkin mallaka ba ne. Lokacin da kamfanin IBM ya buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan a 1963, na'ura ɗaya kan cinye ɗaki guda, ga buƙatar sanyi da ƙwararrun da za su kula da ita. Jami'o'i da bankuna da kamfanonin mai da 'yan tsirarun hukumomi ne kaɗai ke da ita. A sakatariya kuwa tafireta da fayil da masinja ke riƙe da aiki. Babban shingen da ke gaban mai son saye a wancan zamani shi ne kuɗin ƙasashen waje da lasisin shigo da kaya. Tambayar ita ce: za a bar ka ka shigo da ita? Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1977 ta ƙara tsananta al'amarin, har IBM ya tattara nasa ya nasa ya bar Najeriya a 1978.

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke lasisin shigo da kaya a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Hakan ya zo daidai da yaɗuwar ƙananan kwamfutocin tebur, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas ta zama matattarar 'yan kasuwa daga ko'ina. Tsohon shingen ya faɗi, ba a kafa sabo ba. Sai sayen kwamfuta ya shiga layi ɗaya da sayen kujeru da labule: a rubuta buƙata, a kira ɗan kwangila, a shigar da kaya sito. Ma'aikatan wancan lokaci sun san kwamfutar da ake lulluɓewa da mayafi a kan teburin darakta, ba mai kunna ta, domin ba a horar da kowa ba, wutar ma ba ta tsayawa.

Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, gwamnatin Olusegun Obasanjo ta gayyaci Bankin Duniya ya binciki yadda ake ba da kwangila. Sakamakon da aka yi ta ambato shi ne cewa a cikin kowace naira ɗaya da gwamnati ta kashe, kobo 60 na zurarewa ta hanyar maguɗi. Daga nan aka kafa sashen sa ido kan kasafi da farashi a fadar shugaban ƙasa a 2001, wanda Obiageli Ezekwesili ta jagoranta, jama'a kuma suka san shi da ofishin bin ƙa'ida. A watan Yunin 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya sa hannu kan Dokar Sayayyar Gwamnati, wadda ta haifi hukumar sa ido kan sayayya, BPP. Dokar ta ɗora alhakin kowace sayayya a wuyan babban sakatare ko shugaban hukuma, ta tilasta yin gasa a fili, ta kuma ce kwangilar da ta haura wani adadi sai ta samu takardar rashin ƙin amincewa daga BPP. Tambayar ta koma: nawa ka saya, kuma ta wace hanya ka zaɓi mai kawowa?

Wannan ci gaba ne babba, amma bai wadatar ba a harkar kwamfuta. Ana iya bin kowace ƙa'ida, a yi gasa, a samu farashi mai rahusa, a kuma sayo abin da ba a buƙata, ko wanda ba zai iya musayar bayani da na hukumar da ke maƙwabtaka ba. Shaidar wannan tana jikin kowane ɗan Najeriya. Hukumar zaɓe ta ɗauki hoton yatsunsa, hukumar katin ɗan ƙasa ta ɗauka, haka masu ba da lasisin tuƙi da masu fasfo, kamfanonin waya suka ɗauka lokacin rajistar layi, bankuna kuma suka sake ɗauka da aka fara lambar tantance masu asusun banki, BVN, a 2014. Kowane ɓangare ya sayi na'urorinsa da rumbun bayanansa, aka yi ta biyan kuɗin aiki ɗaya sau da yawa.

Gwamnati ta hango wannan matsala tun da wuri. An kafa NITDA a 2001 don aiwatar da manufar ƙasa kan fasahar sadarwa, ta samu dokarta a 2007. A 2006 aka kafa kamfanin Galaxy Backbone domin ya haɗa hanyoyin sadarwar ma'aikatu wuri ɗaya, kuma a shekarar ne ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya ya fitar da takardar umarni cewa ayyukan kwamfuta su bi ta hannun NITDA. Sai dai umarnin ya daɗe yana kwance a fayil, hukumomi da dama suna sayayyarsu kamar ba a yi shi ba. Bayan da Isa Ali Ibrahim Pantami ya zama shugaban NITDA a 2016 ne aka farfaɗo da shi. An sake fitar da umarni a watan Agustan 2018, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya jaddada shi da bakinsa a taron e-Nigeria na wannan shekara. Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda ya gaji kujerar a 2019, ya ci gaba da tsarin, hukumar kuma ta sha bayyana cewa tantancewar ta ceto wa gwamnati biliyoyin naira.

Tambayoyin da ake yi a wannan mataki su ne waɗanda da ba a yi: shin ana buƙatar aikin? Babu wata hukuma da ta riga ta mallaki irinsa? Zai haɗu da sauran tsare-tsaren gwamnati? Wa zai kula da shi bayan ɗan kwangila ya tafi? Akwai kuma batun kayan gida. Tun bayan da kamfanoni irin su Zinox da Omatek suka fara harhaɗa kwamfuta a Najeriya ake kiran hukumomi su saya a hannunsu. NITDA ta fitar da ƙa'idojin fifita kayan gida a 2013, sannan Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003, wanda Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a 2017 yana muƙaddashi, ya sa kayan fasahar sadarwa cikin jerin abubuwan da aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin sayensu zai tafi ga kayan gida.

Amurka ta riga mu bin wannan hanya, kuma akwai darasi a tafiyarta. A 1965 dokar Brooks ta tattara ikon sayen kwamfutocin gwamnati a hannun hukuma ɗaya, GSA. Shekaru suka tafi, jinkiri ya yi yawa, har ta kai na'ura kan tsufa kafin takardunta su kammala. A 1996 dokar Clinger-Cohen ta soke wancan tsari, ta mayar da alhakin ga kowace ma'aikata tare da naɗa babban jami'in bayanai a cikinta. Da shafin inshorar lafiya na gwamnati ya kasa aiki yadda ya kamata a 2013, majalisa ta yi dokar FITARA a 2014, ta ƙara wa waɗannan jami'ai ikon amincewa da kasafi da kwangilolin fasaha. Abin da suka gano shi ne ofishi ɗaya a babban birni ba zai iya maye gurbin masani mai iko a cikin kowace ma'aikata ba.

A wurinmu giɓi uku ne suka rage. Na farko, tsinka kwangila gida-gida don kada ta kai adadin da za a tantance, duk da cewa dokar 2007 ta ɗauki hakan a matsayin laifi. Na biyu, jihohi da ƙananan hukumomi. Jihohi irin su Kaduna, wadda ta yi dokarta a 2016, suna da hukumomin sa ido kan sayayya, amma duba farashi daban, duba dacewar na'ura da aikin da aka saye ta dominsa daban. Na uku, wanda ya fi damuna, dukkan ƙofofin nan kafin saye suke. Da zarar kaya sun shiga sito an biya ɗan kwangila, da wuya a ga wanda ya koma ya tambaya ko suna aiki. Wanda ya sayo kwamfuta ɗari ya kai makarantar da ba ta da wuta ba ta da malami, ai ya san abin da zai biyo baya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sayayyar ma ta sauya kama. Yanzu kaso mai tsoka na kuɗin yana tafiya ne ga lasisin manhaja da hayar rumbun bayanai, waɗanda ake sabuntawa duk shekara, sau da yawa da dala. Sa hannu ɗaya a yau na iya ɗaure gwamnati da biya na tsawon shekaru, ga kuma bayanan jama'a da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ce amana ce a hannun mai riƙe da su.

Saboda haka matakin da ya kamata tarihin nan ya taka a gaba a bayyane yake. A riƙa wallafa jerin ayyukan da aka sahale da kuɗinsu da wuraren da aka kai su. Kada a amince da sayen na'ura sai an ga kuɗin wuta da horarwa da gyara a cikin lissafi. Bayan shekara guda, Babban Mai Binciken Kuɗi da NITDA su koma su duba, su faɗa wa jama'a abin da suka tarar, a kuma tuhumi wanda ya sa hannu idan kayan sun zama na ajiya. Kuɗin kwamfutar da ke kulle a sito daga baitulmalin da ake sayen magani da gina aji ya fito, kuma talakan da aka hana waɗannan yana da haƙƙin ya san sunan wanda ya amince da sayen.